Lamba Ɗaya Tana Hagu

Ambaliyar da ta auka wa garin Gummi a watan Agusta na shekarar 2024 ta fito da kaya da yawa waje, har da waɗanda masu su suka daɗe da mantawa suna da su. A wani gida da ruwa ya cinye katangarsa ta baya, an yi kwana uku ana shanya: tabarmi, katifu, buhunan gero, takardun makarantar yara. Cikin abin da aka baza a rana har da kayan wata tsohuwar adaka ta maigidan, wani dattijo da ya ajiye alli bayan shekara talatin da biyar yana koyarwa a makarantun firamare. A can ƙasan adakar, ƙarƙashin takardar shaidarsa ta malanta mai daraja ta biyu, aka tarar da wata 'yar mujalla ta labarin zane. Bangonta ya daɗe da tafiya, gefenta ya sha ruwa ya kumbura. Jikarsa, ɗaliba a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda ta zo jaje, ita ce ta ɗaga ta da yatsu biyu kamar mai ɗaga mushen ɓera, ta ce, "Tsoho, wannan kuma ai sai juji ko?"

Ya karɓe daga hannunta da saurin da ba a san shi da shi ba. Ya ce, "Amarya, ki zubar da katifar in kina so. Wagga ki bar min ita."

Sunan jarumin da ke cikin mujallar Powerman. Ta shigo hannunsa a cikin 1977, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shekara guda bayan an raba Jihar Arewa maso Yamma Gummi ta faɗa cikin sabuwar Jihar Sakkwato, kuma 'yan watanni bayan fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda benci zai ɗauka. Wani direban babbar mota mai zuwa Ikko ne ya ba shi, don ya san shi da son takarda. Kafin wannan, malamin ya san mujallar African Film tun yana kwalejin horon malamai, wadda ke ɗauke da labarin Lance Spearman mai malafa, wanda samari ke kira Spear. Amma waccan hotuna ne na mutane na gaske da aka ɗauka da kyamara aka jera. Wannan kuwa hannu ne ya zana ta da tawada, kuma wanda aka zana baƙar fata ne mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Bai taɓa ganin irinta ba, bai kuma sake samun wata fitowar bayanta ba. Guda ɗaya tak ce ta iso gare shi, ita ya karanta har ta fara rabuwa.

Ba shi kaɗai ya karanta ba. A wancan zamani majalisarsa ita ce rumfar wani tela, abokinsa tun na ƙuruciya, inda ake haɗuwa bayan la'asar. Akwai wani mahauci da ya yi dambe a zamaninsa har hancinsa ya karkace, akwai wani malamin allo mai yawan shiru, sai yara da ke zagaye rumfar suna tsintar ƙyallaye. Ranar da ya fara kai mujallar, telan ne ya karɓa. Ya goge hannu a cinya, ya buɗe ta daga baya, ya ɗora yatsa a kan gurbin da ke sama ta dama, ya bi zuwa hagu. Haka ya san ana karatu. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta sunayen masu kawo ɗinki da ajami, bai taɓa zama ajin boko ba. Sai labarin ya zo masa a juye: ga mutum kwance a ƙasa, ga shi yana faɗuwa, sa'an nan ga naushin da ya kayar da shi. Ya ɗaga kai ya ce, "Malam, wanga mutum shi ka tashi in an buge shi?" Aka yi dariya. Shi da kansa ya gano bakin zaren kafin a gaya masa, domin a kusurwar kowane gurbi akwai 'yar lamba, 1, 2, 3, kuma waɗannan ya san su sarai daga igiyar awon da ke rataye a wuyansa. Ya nemi lamba ɗaya, ya same ta a hagu, ya ce, "Af, ashe ta nan sunka faro." Daga ranar bai ƙara ɓata ba.

Maganar da ke cikin 'yan da'irorin da ke fitowa daga bakin mutanen kuwa Ingilishi ce, don haka ta zama aikin malamin. Telan na riƙe da takarda yana nuna gurbi, shi yana fassarawa. A karon farko ya bi abin da aka rubuta. Sai ya ga jama'a sun yi shiru irin na wanda aka ba fura ba nono. A karo na biyu ya fara ƙari. Inda mugu ya yi barazana da kalma biyar, sai ya ba shi goma sha biyar, ya haɗa masa da karin magana. Inda aka rubuta ƙarar duka da manyan baƙaƙe, sai ya ce tim, ko ƙwas, ko rigijib, gwargwadon girman wanda ya faɗi. Abin da ya fi duka, ya ga bai kamata namiji irin wannan ya shigo fage ba a kira shi ba. Ya taso da Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, kunnensa ya ƙoshi da waƙar Shago ta Ɗan Anace, ya san jarumi ba ya tafiya tsirara babu kirari. Sai ya yi masa. Kowane karatu kirarin na ƙara tsawo, yara suka haddace suna amsawa, har aka wayi gari duk wanda ke rumfar ya ɗauka a cikin takardar yake a rubuce.

Ra'ayi kan zanen ya rabu tun makon farko, kuma kowa da idon sana'arsa ya duba. Telan bai damu da ƙwanjin jarumin ba, kayan jikinsa ya tsaya yana nazari. Ya kusanto da takardar ga fuskarsa, ya karkata ta wajen haske, ya ce ya nemi ɗinki bai gani ba. Babu kalmasa, babu tsagar da mutum zai zura kai, babu aljihu ko ɗaya. A ganinsa mai zanen bai taɓa riƙe almakashi ba, ya dai shafa wa mutum launi ne ya kira shi riga. Tambayar da ta fi tsaya masa a rai ita ce ta aljihun: ina wannan bawan Allah yake ajiye layarsa? Jarumin da ya sani yana da guru a ƙugu, kambu a damtse, rigarsa na nauyi da layu. Wannan ga ƙarfi, amma ba a nuna inda ƙarfin ke rataye ba. Sai dai ya yaba wa mai zanen a kan tufafin sauran mutane, musamman yadda yadi ke tattarewa a gwiwar hannu in an lanƙwasa ta. Ya ce wanda ya ga wannan yana da ido, hannu ne dai bai koyi sana'a ba.

Mahaucin ya saɓa masa gaba ɗaya. Shi zanen ne ya kama shi, maganar kuwa ko an yi ko ba a yi ba duk ɗaya. Akwai gurbi guda da yake sa a tsaya a kai kullum, inda jarumin ya kai naushi. Yakan ce a duba ƙafar baya, a duba yadda ƙugu ya juya kafin kafaɗa, kafaɗa kafin hannu. A faɗarsa naushi daga diddige yake tasowa, hannu ɗan aike ne kawai, kuma duk wanda ya zana wannan ko dai ya taɓa bugun mutum ko an taɓa bugunsa. Kukansa ɗaya ne: jarumin na duka da hannu biyu. Ɗan dambe hannu guda yake ɗaurewa ya zama mashi, ɗayan ya miƙa shi gaba a buɗe ya zama garkuwa. Wanda ya saki duka biyun yana bugu ya bar fuskarsa a kasuwa. Da malamin ya ce ai wannan ba a iya yi masa rauni, sai mahaucin ya tsuke baki ya ce to in haka ne ba jarumta ba ce, cin zali ne, don namiji shi ne wanda ya san ana iya kashe shi kuma ya shiga.

Malamin allon bai taɓa duban takardar ba. Yana da ƙyamar zanen abu mai rai, ya faɗa sau ɗaya, bai ƙara ba, bai kuma hana kowa ba. Amma bai taɓa tashi ba in an fara. Yakan juya gefe yana fiƙe alƙalami, kunnensa na wajen.

Shi ne ma ya raba gardamar da ta fi kowacce zafi, wato ta maciji. Abu guda da malamin ya fassara yadda yake, bai ƙara ba bai rage ba, shi ne lagon jarumin: duk ƙarfin nan nasa, saran maciji na iya kayar da shi. Mahaucin ya ce wannan wasa da hankali ne. Gardi mai yawo kasuwa-kasuwa da kumurci a wuya ya fi ƙarfin dafi, balle wanda ke ɗaga abin da mutum goma ba su ɗagawa. Telan ya ce ai ga amfanin aljihun da ya yi ta magana a kai. Sai malamin allon, ba tare da ya juyo ba, ya ce wannan ne kaɗai wurin da marubucin ya faɗi gaskiya, domin babu mahaluƙin da ba a bar masa ƙofa ba, kuma yawanci ƙofar ƙarama ce. Rumfar ta yi tsit. Ba wai hujjar ce ta fi ƙarfinsu ba. Kowa a wurin ya san wani da kububuwa ta sara a gona lokacin girbi, ko wanda ya taka kasa a fadamar gulbi yana yankan shinkafa, aka kawo shi a kan jaki ƙafa ta kumbura. Daga baya malamin ya ji cewa Superman na Amurka, wanda ya fara fitowa a 1938, lagonsa wani koren dutse ne daga wata duniya. Har yau yana ganin na Powerman ya fi, kuma yana da gaskiya. Babu wanda ya taɓa binne ɗan'uwansa saboda koren dutse.

Duk wannan ya ba jikarsa labari a daren da mujallar ta bushe, suna zaune a tsakar gida. Ita kuwa tana ji tana latsa waya, abin da ya ɗauka rashin ladabi ne, ashe neman asalin abin take yi. Cikin ɗan lokaci ta gaya masa abin da bai sani ba shekara arba'in da bakwai. An buga Powerman ne tsakanin 1975 da 1977 don kasuwar Nijeriya, duk mako biyu. Tunanin ya fito daga wani mai harkar tallace-tallace a Nijeriya da ya lura cewa mujallun zane da ake shigowa da su duk jarumansu farare ne. Amma a Ingila aka yi aikin. Marubutan su ne Donne Avenell da Norman Worker, masu zanen kuma wasu samari biyu Turawa, Dave Gibbons da Brian Bolland, suna karɓa-karɓa, wannan ya zana fitowa guda wancan ya zana ta gaba. Dukansu sun yi suna daga baya: Gibbons ya zana Watchmen a 1986 zuwa 1987, Bolland ya zana Batman: The Killing Joke a 1988. Tsohon ya ji daɗin wannan. Ya ce ashe mahaucin, Allah ya jiƙansa, ya san hannu tun kafin duniya ta san shi. Ta ƙara masa da cewa an ja kunnen masu zanen cewa a nan tumbi alamar arziki da iko ne, ba haɗama ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce wanda ya gaya musu haka ya faɗi rabi ya ɓoye rabi.

Sai ta zo kan lambobin, muryarta ta canja. Ta ce ba al'adar irin waɗannan mujallu ba ce a sa lamba a kowane gurbi. Umarni aka ba masu zanen su sa, domin an ɗauka mai karatu a Nijeriya ba zai san inda zai fara da inda zai bi ba. Ta ce, "Tsoho, kun shekara kuna tafa wa abin da aka yi don an raina ku."

Maganar ta shige shi. Ya so ya ce mata ƙarya ne, amma ga lambobin nan a gabansa, ƙanana, a kusurwa, irin waɗanda shi kansa yake rubuta wa 'yan aji ɗaya a allo. Ya daɗe bai ce komai ba. Abin da ya zo masa shi ne yatsan telan a kan gurbin dama. Wanda ya ba da umarnin mai yiwuwa jahili ya hango, wanda bai taɓa buɗe littafi ba. Wanda lambobin suka taimaka a Gummi kuwa mutum ne da ya karanta littafi mai izu sittin tun daga farko har ƙarshe, a garin da aka haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gummi wanda ya fassara littafin nan zuwa Hausa. Ba rashin karatu ne ya sa shi fara wa ta dama ba, karatun ne. Ya yi ƙoƙarin bayyana mata haka, ta ce wannan bai wanke niyyar masu abin ba. Bai ce ya wanke ba. Ya dai ce ita ba ta ga fuskar mutumin ba lokacin da ya sami lamba ɗaya.

Abin da ya fi wannan ciwo ya biyo baya. Idonsa ba ya ɗaukar ƙananan baƙaƙe da dare, sai ya ce ta karanta masa Ingilishin, ya daɗe bai ji ba. Ta haska fitilar waya ta karanta. Gajerun jimloli ne, a miƙe, masu sauƙi, irin na littafin koyon karatu. Ya yi ta jiran wurin da mugun zai yi karin maganarsa, bai zo ba. Ya jira kirarin, ta wuce gurbin ba ta tsaya ba. Ya ce ta yi tsallake. Ta nuna masa da yatsa, babu. A hankali ya gane cewa bai yi wa rumfar ƙari kawai ba, har kansa ya yi wa. Shekaru sun haɗe abin da aka rubuta da abin da ya faɗa har ya kasa rabewa. Duk yabon da aka yi wa marubucin a rumfar nan, cewa ya san magana, ya iya zagi, ya san darajar namiji, nasa ne, an dai aika shi Ingila bisa kuskure. Wani zai ji alfahari. Shi kunya ya ji, irin ta malamin da ya tarar ya shekara yana koyar da abin da ba ya cikin littafi yana cewa littafi ne ya faɗa.

Jikar ta ga jikinsa ya yi sanyi, sai ta so ta nuna masa cewa zamani ya gyara abin. Ta ce yanzu 'yan ƙasa ne ke yi da kansu. Ta ambaci Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Ikko a 2013, da jaruminsu Guardian Prime. Ta buɗe masa wasu shafuka na Malika: Warrior Queen na Roye Okupe, wanda ya fito a 2017, labarin sarauniyar wata daula mai suna Azzaz da aka gina a kan tarihin Amina ta Zazzau, har da rundunar daular Ming ta Sin da ta kawo mata yaƙi. Launukan sun burge shi ƙwarai. Ya ce Sinawa a ƙasar Zazzau ƙarya ce mai kyau, Ganɗoki ma ai ya je Indiya. Amma ya lura da abu biyu. Na farko, sarauniyar da aka ɗauko daga gidan Hausa ita ma da Ingilishi take magana, wato in ta zo rumfar tela sai an nemo mata tafinta. Na biyu bai faɗa da baki ba. Gurabe ne wani babba wani ƙarami, babu lamba ko ɗaya, sai ga idonsa ya tsallaka ƙasa alhali labarin na gefe. Ita ce ta sa yatsa ta nuna masa inda zai bi, ba ta kuma ce komai ba, abin da ya gode mata a zuci.

Washegari bayan la'asar ya sa mujallar a aljihun babbar riga, ya ce ta raka shi. Cikin 'yan rumfar nan telan kaɗai ya rage. Ya bar keke tun da yana ta rufe masa ido, yana zaune a zauren ɗansa, wanda ruwan bai kai ba. Bayan gaisuwa da jajen ambaliya, malamin ya ɗora masa takardar a tafin hannu. Telan ya shafa ta, ya shinshina, ya ce, "Mai riga ba aljihu!" Malamin ya ce ya zo ne ya karanta masa yadda take a gaskiya, don akwai abin da ya daɗe yana bin sa bashi. Ya sa tabarau, ya fassara kalma da kalma, bai ƙara ko wasali ba. Bai kai ƙarshen shafi na biyu ba telan ya ɗaga hannu.

"Malam, wanga ba shi na ba."

"Shi ne. Haka anka rubuta."

"To wanda anka rubuta ka kai ma wanda yar rubuta. Ni wanda munka ji nika so. Ina kirarinai?"

Jikar na tsaye a bakin ƙofar zaure, waya a hannu, ba ta latsa ta. Malamin ya mayar da shafin baya, ya ɗora yatsa a kan lamba ɗaya, ya gyara murya, ya buɗe baki, sai ya ji kirarin ba ya nan. Ya nemi farkonsa ya rasa. Telan ya jira kaɗan, sa'an nan ya jingina da bango ya ɗaga haɓa, ya ce da murya mai rawa, "Gulbin Agusta, hana mai gardama wanka..." Ya tsaya daidai inda yara kan tsaya a da, yana jiran malamin ya kawo sauran.